Tambayoyin Masu Karatu: Bikin Ranar Haihuwar Yaro Ba Tare da Cin Bashi Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya, ina da 'ya'ya 3. 'Yata ta biyu za ta cika shekara 5 a watan gobe, kuma tun ranar da ta je bikin wata 'yar ajinsu, wanda aka yi a ɗakin taro da kayan ado da mai ɗaukar hoto, ba ta da zance sai yaushe za a yi nata. Maigidana ya ce abin da zai iya bayarwa naira 20,000 ne, ni kuma ina tunanin roƙon uwar adashinmu ta ba ni kwasata da wuri in ƙara a kai. Gidan haya muke, yara sun yi yawa a ciki. Wace shawara za ki ba ni?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki ita, ya shirya ta tare da 'yan'uwanta. Zan fara da maganar adashi, domin ita ce ta fi tsaya mini a rai: kada ki taɓa shi. Kuɗin adashi an tanade su ne domin kuɗin makaranta ko jinya ko jarin sana'a, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowane magidanci ya san yadda farashin masarufi ya tashi, har abin da aka ajiye ya zama shi ne rufin asirin gida. Wanda ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Ɗakin taron da kika ji labari da adon da aka yi masa, manya ne suka fi kallonsu. Abin da ya zauna a zuciyar 'yarki shi ne ta ga an kewaye ƙawarta ana kiran sunanta, kuma wannan za ki iya yi mata a tsakar gida da abin da mahaifinta ya bayar.

Na san malamanmu sun saɓa a kan wannan biki, wasu suna hana shi, wasu suna ɗaukarsa al'ada ce da babu laifi a cikinta matuƙar ba a haɗa ta da saɓo ko almubazzaranci ba. Ba hurumina ba ne in yi fatawa, don haka duk wadda take da shakka ta tambayi malamin da ta amince da shi. Gidaje da yawa suna mayar da ranar ta sadaka da addu'a, su ciyar da yaran unguwa, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa ya dace da wannan tsarin ma.

Abu biyu ne suke cinye kuɗi a irin wannan taro: lokacin da aka sa da kuma yawan manyan da aka gayyata. Idan kika sa shi da rana tsaka, to kin ɗora wa kanki abincin rana, wato shinkafa da mai da nama, waɗanda su kaɗai za su lamushe abin da ke hannunki. Ki sa shi bayan sallar la'asar, a tashi kafin magariba, lokacin da kowane yaro ya riga ya ci abincin gidansu, abin taɓawa kawai yake bukata. Awa ɗaya da rabi ta isa, domin yaro ɗan shekara 5 ba ya jure dogon zama, idan ya gaji kuma sai rigima da kuka. Ki lura da ranar ma, saboda makarantun Islamiyya da yawa suna hutu ne ranakun Alhamis da Juma'a, don haka yammacin ɗaya daga cikinsu ya fi sauƙi a kan Asabar ko Lahadi. In kuma ranar ta faɗo cikin damina, musamman watan Agusta, ki tanadi zaure ko rumfar da za a fake.

Game da gayya, kada ki ware wani yaro a cikin gidan da kuke haya, domin abin da za ki rage a kuɗi bai kai ɓacin ran da za ki shuka tsakaninki da uwarsa ba. Ki kira yaran gidan duka, ki ƙara da ƙawayenta biyu ko uku na makaranta. Iyaye mata kuwa, ki gaya musu da kyakkyawan lafazi cewa wasan yara ne kawai, sai dai ki roƙi biyu daga cikinsu su taya ki kula. Da zarar ƙawayenki da dangin miji sun shigo lissafi, sai an nemi kujerun haya da lemon kwalba, daga nan abin ya zama wani bikin daban.

Abin ci kuwa, ki shiga kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari ki auno fulawa da sukari a mudu, ya fi sauƙi a kan sayen ƙulli-ƙulli a shagon unguwa. Ki yi cincin kwana biyu kafin ranar, tun da ba ya lalacewa da wuri, ki soya fanke ko awara a ranar da safe ko da azahar. Zoɓo da aka dafa da citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke sosai ya wadatar a matsayin abin sha, amma ki sassauta yajin da sukarin saboda yara ne za su sha. Kunun aya yana da daɗi, sai dai yana saurin tsami idan babu sanyi, kuma da yanayin wutar lantarkinmu ban ba ki shawarar dogara da shi ba sai kin tanadi ƙanƙara. Kankana ko lemon zaƙi da aka yanka ƙanana suna cika faranti da kuɗi kaɗan.

Kek ne zai fi ɗaukar hankalin 'yarki, kuma ba sai kina da na'urar gasa kek ba. Ki auna bota da sukari da fulawa daidai wa daida, misali giram 250 kowanne, da ƙwai 4 ko 5 da ƙaramin cokali 2 na bekin foda. Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi, ki riƙa fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya, sannan ki zuba fulawar da bekin fodar a hankali. Ki zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ki ɗora ta a kan gawayi ta yi zafi, ki zuba kwaɓin a gwangwanayen da kika shafa wa mai ki jera su a kan yashin, ki rufe da murfi mai kama baki. Wuta kaɗan ake so, kuma kada ki yawaita buɗewa. Idan kika soka tsinke ya fito a bushe, ya gasu. Ki bar yarinyar ta taya ki shafa mai a gwangwani, za ki ga yadda za ta riƙa ba kowa labarin cewa da ita aka yi.

Akwai abin da nake roƙon ki kada ki yi sakaci da shi, tun da a gidan haya dole ƙannen yaran da kika gayyata su biyo su. Gyaɗa da aya da gugguru da alewa mai tauri suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara 4 ba, haka ma ɓaraguzan balan-balan da ta fashe, wadda yara suke son sawa a baki suna tsotsa. Ki sa wata babba ta riƙa tsince su nan take, a zaunar da ƙanana kafin a ba su abin ci, kuma kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma. Kaskon suya da gawayi su kasance an kawar da su kafin yara su taru.

Wasa kuwa ba ya bukatar ko sisi. A fara da mai motsa jiki, kamar ɓuya ko 'yar gala-gala ko gaɗa, sannan a zaunar da su a tabarma a yi kacici-kacici, mai amsa daidai a ba shi cincin. In akwai kaka ko wata dattijuwa a gidan, ki roƙe ta tun da wuri ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, domin yaran yanzu da yawa ba su taɓa jin an ce "ga ta nan ga ta nanku" daga bakin mutum ba. Hoto kuma wayarki ta isa, ki ɗauka tun da sauran hasken rana.

TAMBAYA: Ni magidanci ne a Samaru. A makarantar ɗana an saba duk wanda ranar haihuwarsa ta zo sai ya kai wa 'yan aji ƙunshin biskit da alewa da lemo, su kuwa sun kai 40. Ba ni da hali, amma ba na son yaron ya ji kunya. Yaya zan yi?

AMSA: Malam, Allah ya buɗa. Ka fara zuwa ka ga malamar ajin a keɓe, domin sau da yawa wannan al'ada ce da iyaye suka ƙirƙiro, ba dokar makaranta ba. Idan kana son yin wani abu, fensir ɗaya ga kowane yaro, wanda za ka saya a dozin, ya fi arha kuma ya fi amfani, ko uwargida ta yi cincin a ƙulla kaɗan-kaɗan. Ka roƙi malamar ta bar yaron ya raba da hannunsa, ajin kuma su yi masa addu'a. In ma hakan bai samu ba, ka zaunar da shi tun kafin ranar ka gaya masa gaskiya cewa bana a gida za a yi masa nasa, kuma ka cika alkawarin. Zai yi kyau ka tayar da maganar a taron iyaye da malamai na gaba, domin ina da yaƙinin akwai iyaye da dama a ajin da abin yake yi wa nauyi, suna jiran wanda zai fara magana.