Kasafinmu ƙanƙani ne: ko ɗalibai za su iya rage mana ɓarnar wuta da ruwa?

Tambaya: Ni ma'aikaciya ce a sashen kula da gine-gine na wata jami'a. An ɗora mini nauyin harkar kare muhalli, amma kuɗin da aka ware ba su kai a ɗauki ko ma'aikaci ɗaya ba. Wani abokin aiki ya ce in nemi ɗalibai masu horon sanin makamar aiki su taimaka. Shin hakan zai haifar da ɗa mai ido?

Amsa: Malama, sannu da ɗawainiya. Zai haifar, muddin kin ba su aikin da ya dace. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara yara masu kaifin basira a sa su liƙa fastoci da shirya taron wayar da kai, zango ya ƙare babu wanda zai iya cewa ga abin da ya canza. Ni shawarata, aikinsu na farko ya zama awo.

Ki ba ɗalibai biyu gini ɗaya tak. Su karanta mitar wuta da yamma bayan an tashi, su sake karantawa da sassafe kafin a buɗe ofisoshi, kullum har mako huɗu. Bambancin lambobin nan biyu shi ne wutar da ginin ke sha alhali babu kowa a ciki, kuma sau da yawa a nan ɓarnar take ɓuya. Ɗauki zauren lacca mai fitilu 40, kowace wat 36. Idan aka bar su kunne awa 10 cikin dare, an ƙona kilowat-awa (wato yunit ɗin da mita ke ƙirgawa) 14.4, a wata guda 432 ke nan, daga zaure ɗaya. Ɗalibin da ya shiga ofishin shugabanni riƙe da wannan lissafi a takarda ɗaya ya fi mai dogon jawabi samun kunnen sauraro. Haka ma ruwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowane sakan yana zubar da sama da galan 3,000 a shekara, wato fiye da lita 11,000. Zagayen banɗakunan ɗakunan kwana da littafi da biro ba ya cin ko sisi.

Idan kuna da ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya, ki tura mutum can, domin suna cikin gine-ginen da suka fi shan wuta. Jami'ar Harvard ta daɗe da shirin tunatar da masu bincike su riƙa sauke gilashin akwatin zuƙe hayaƙi, wanda ake aiki da sinadarai a cikinsa, idan sun gama aiki, don kada ya yi ta fitar da iskar da aka kashe kuɗi wajen sanyayawa ko ɗumamawa. Amma a nan sai da izinin mai kula da ɗakin, kada ɗalibi ya taɓa na'ura da kansa.

Sai inda nake so ki fi natsuwa. Ɗalibi baƙon 'yan watanni ne, gini kuwa yana nan. Kowane aiki ya kasance yana da mai shi a cikin ma'aikatan dindindin, wanda tun farko shi ya ce yana buƙatar amsar wannan tambaya: mai gyaran wuta, mai kula da famfo, ko shugaban masu shara. Su ne ke riƙe da makullai, su suka san wace mita ce ta mutu. Idan suka ga an turo yara ne su bankaɗo laifinsu, ƙofa za ta rufe, kuma da gaskiyarsu. Ki zauna da su kafin ki tallata gurbin. Jami'ar British Columbia a Kanada ta gina shirinta mai suna SEEDS a kan wannan tsari: ma'aikaci ya kawo matsala, malami ya sa ido a kan binciken, ɗalibi ya yi aikin a matsayin wani ɓangare na karatunsa. Sannan kada ki sa hannu a takardar kammalawar kowa sai ya miƙa alƙalumansa a jadawali ɗaya na kwamfuta, tare da shafi biyu na bayani ga wanda zai gaje shi.

Batun biya kuwa, abin yana ci mini rai. Horon da ba a biya komai, mai hali kaɗai ke iya yinsa, ɗan talaka da ke neman na kansa a bar shi a baya. Gara ki ɗauki biyu ki ba su ɗan alawus da ki tara goma a kyauta. Idan aljihu ya ƙi, ki nemi tsangayoyi su lissafa aikin cikin makin kwas, a ƙayyade awoyi, a ɗaga musu ƙafa lokacin jarrabawa.

Tun yanzu ki nemi sashen kuɗi ya amince a rubuce cewa wani kaso na abin da aka rage a kuɗin wuta zai dawo asusun shirin. Jami'o'i da dama a Amurka, har da Harvard ɗin, suna da irin wannan asusu mai juyawa. Karatun mitan makonni huɗun farko shi ne hujjar da za ki kwatanta da ita, don haka ki fara shi kafin a canza ko ƙwan fitila ɗaya.