Ku Tambaya Mu Amsa: Ina so in buɗe kamfanin waƙa, kayan situdiyo zan fara saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ya aiki ya iyali. Ni na gama difloma bara, ina da abokai biyu a unguwarmu da Allah ya ba murya, ɗaya nanaye yake yi ɗayan kuma hip hop na Hausa. Ni dai ban iya waƙa ba ko ta tatsuniya amma ina ɗan taɓa kasuwanci, na tara wajen naira miliyan 2 a harkar sai da waya, shine nake so in buɗe lebul ɗina, wato kamfanin waƙa, in dinga fitar da waƙoƙinsu. Kayan situdiyo zan fara saya ko yaya? Kuma wai ta ina kuɗin yake dawowa ne? Ƙaninka daga Hotoro, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Don Allah ajiye maganar kayan situdiyon nan tukuna. Miliyan biyunka in ka sai kwamfuta mai ƙarfi da fiyano da makirfo da sifiku, ka kama shago ka lulluɓe bango, ga inji ga man da zai sha, wallahi kafin a rera baiti ɗaya kuɗin sun ce ga garinku. Kuma me ya yi zafi? Zoo Road cike take da situdiyo, ka biya kuɗin waƙa ɗaya a buga maka kiɗa a ɗau murya a gyara ka fito da abinka. Mai situdiyo haya yake bayarwa, shi kuwa mai lebul abin da ya mallaka shine asalin rikodin ɗin, wanda 'yan harkar ke ce wa masta, da kuma takardar da ta nuna nasa ne.

To a nan nake so ka buɗe kunne sosai. Waƙa ɗaya haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai na wanda ya tsara baituka da karin, akwai kuma na rikodin ɗin da aka naɗa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta ce miƙa wa wani haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Wato in abokinka ya ce maka "haba ai waƙata taka ce" a bakin mai shayi, ba ka da komai, ranar da ta fashe aka fara jinta a kowace a daidaita sahu sai ka ji wani yare daban a bakinsa. Kuma ba lallai mugunta ba ce, dama can ba a fayyace ba. Na ga wasu samari da suka taso tun makarantar allo, waƙa ɗaya ta karɓu, yau ko gaisuwa ba sa yi, kowa na rantsuwa da Allah shi aka cuta, kuma in ka saurare su duka sai ka rasa wa za ka ba gaskiya.

Don haka ku zauna ku rubuta: waƙa nawa za ku yi tare, shekara nawa, wa ke da masta, kashi nawa kowa zai ɗauka, kuma ana cire abin da ka kashe kafin a raba ko bayan an raba. Wannan na ƙarshen shine ke raba zumunci. In ni ne, waƙa 4 ko 5 zan ce, shekara 2, a cire kuɗin aiki sannan a yi raba daidai, kar ka ɗaure yaro shekara goma don ka ga ba shi da ko sisi yanzu, zai tsane ka. Kar kuma ka manta da mai kiɗa, shi ma ya sa hannu cewa an biya shi an sallame shi ko kuma yana da kasonsa, haka yarinyar da za ta yi amshi. Ka samu lauya ya duba, kuɗin da za ka ba shi bai kai na makirfo ɗaya mai kyau ba.

Rajista kuma ba wani tashin hankali ba ne. A CAC, hukumar rajistar kamfanoni, za ka yi, ko ta sunan kasuwanci ko cikakken kamfani, tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai. Da takardar sai ka buɗe asusun banki da sunan lebul ɗin, kar kuɗin waƙa su cakuɗe da na waya. Tunda a Kano kake, ka leƙa Hukumar Tace Fina-finai ka ji sharuɗɗansu kafin ka saki bidiyo, ba sa wasa da maganar shiga da rawa.

Sai batun ta ina kuɗi ke dawowa, nan fa sai ka yi haƙuri da ni. Da, kaset da faifai ake bugawa a kai Ƙofar Wambai a sayar, yanzu wannan kasuwar ta mutu, waƙarka tana fita yau gobe masu turi sun zuba ta a memori kai ko kwabo ba za ka gani ba. Ni ban ma ce ka yi faɗa da su ba, talla suke maka kyauta. Abin da ya rage shine YouTube da Audiomack da Boomplay da Spotify, wanda sai 2021 ya shigo Najeriya. Ba kai za ka ɗora kai tsaye a Spotify ba, akwai dillalai irin su DistroKid da TuneCore da kake biya duk shekara, ko CD Baby da ke karɓa sau ɗaya a kan kowane aiki sannan su ɗan yanki kaso. Su za su ba kowace waƙa lambar shaidarta ta ISRC, ka adana ta. Asusun dillalin nan da tashar YouTube su kasance da imel ɗin kamfani, ba na mawaƙi ba, ba na yaron da ya taya ka buɗewa ba. YouTube kuma sai ka haɗa mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara raba kuɗin talla da kai, su ma kuɗin sauran manhajojin sai an yi wata biyu uku suke faɗowa kuma da dala, ka tanadi hanyar karɓa tun yanzu. Mawaƙan su yi rajista da MCSN, ƙungiyar da ke karɓo wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu, saboda abin da ake tarowa daga gidajen rediyo da wuraren taro.

Amma tsakani da Allah, a shekarar farko abin da zai riƙe ku shine waƙar biki da ta suna, da wasan sallah, da tallan 'yan kasuwa, in lokacin siyasa ya zo kuma ka san sauran. To ka sa a takarda ko kana da kaso a waɗannan, tunda kai ka yi wahalar da aka san su. Na san kana hango manyan lebul irin su Mavin, wadda Don Jazzy ya kafa a 2012 har babban kamfanin waƙa na duniya Universal ya sayi kaso mafi tsoka a cikinta a 2024, to shi kansa sai da ya yi shekaru yana buga kiɗa a kamfanin Mo' Hits kafin nan.

In ka bi tawa, fara da mutum ɗaya cikin biyun, wanda ya fi zuwa a kan lokaci ba wanda ya fi murya ba. Waƙa 2, bidiyo 1 mai tsafta, sauran kuɗin ka kasa su gida biyu, rabi na talla a TikTok da rediyo, rabi ka bar su a harkar wayarka kar ka taɓa. In kun naɗa ta farkon ka turo min in ji, amma fa takardar da kuka sa wa hannu zan fara tambaya.