Ga 'yar uwa mai ginin kicin a Arkilla

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki tun daren jiya, cewa an rufe gininku na unguwar Arkilla a Sakkwato saura fulasta, maigida ya ce ki zaɓi yadda kike son kicin, kafinta kuma ya turo miki hotunan fararen kabad masu ƙyalli da tebur a tsakiya, babu bango tsakaninsa da falo, kina tambaya ko ki yarda. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don irin waɗannan hotuna aka nuna mini, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Ni nawa kafintan abokin maigida ne ya kawo shi, wai ƙanen matarsa ne, ɗan gida. A farkon 2023 ya karɓi kafin alƙalami, fiye da rabin kuɗin aikin. Ya zo har gida da guntun katako a hannu yana ƙwanƙwasa mini, yana cewa, "Hajiya wanga katako ko gulbin Rima kika jefa shi ba ya komi." Kafin ya fara aiki aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, kaya suka tashi, shi ke nan mutum ya ɓace. In an kira ya ce yana Kano wurin sayo kaya, gobe ya ce motar ta lalace a Gusau, jibi waya a kashe. Ni kuwa ina girki a tsakar gida cikin damina, in hadari ya taso daga gabas in kwashi tukwane da gudu. Da ya ga dama ya dawo sai da aka yi masa ƙari, sannan ya kafa.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar da ya gama abin ya yi kyau, har maƙwabta suna shigowa kallo. Ashe ba katakon da ya nuna mini ya sa ba. Wannan na garin katako ne da ake matsewa da gam a lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Bututun ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana ɗan ɗiga, ɗigon da ba ki ma lura da shi, sai ga ƙasan kabad ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ledar ta fara ɗagowa ta gefen murhu saboda zafi, murafu suka karkace ba sa haɗuwa, kyankyasai suka samu gida. Duk wannan na haɗiye.

Abin da ba na mantawa shi ne washegarin Babbar Sallah. Dangin maigida sun cika gidan, ana ta suyar nama, uwar mijina na zaune a falo, faccalata na kicin wai tana taya ni. Na miƙa hannu zan ɗauko faranti, sai na ji wata ƙara, kabad ɗin sama gaba ɗaya ya baro bango. Tangaran ɗin da mahaifiyata ta tara mini tun ina sakandare, kofunan gilas, kulolin da ban taɓa zuba abinci a ciki ba, duk suka tarwatse a ƙasa. Autana yana tsaye bakin ƙofa da tsokar nama a hannu, taku biyu ne tsakaninsa da wurin. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna cikin fasassun kwanuka ina salati. Faccalata kuwa ko sannu, sai cewa ta yi, "Ashe kicin ɗin Turai ma yana faɗuwa." Da ƙarfi ta faɗa don na falo su ji, kuma sun ji, na ji dariyar. Da muka duba bangon, ƙusoshi ne kawai ya buga cikin fulasta, babu sukurun kirki ko ɗaya da ya shiga bulo. Aka kira shi, buɗar bakinsa sai ya ce ai ni na cika wa kabad kaya. Kabad ɗin kicin, in ba kaya ba me za a sa masa? Maigida ya ce a bar shi da Allah saboda abokinsa. To na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma ko a gidan biki na hango matar abokin nan sai in sauya wurin zama.

Don haka ƙanwata, tunda ba a yi fulasta ba kina da sauran dama. Ki sa magini ya ɗaga miki ƙasan kabad da bulo, a zuba kankare a sama, a ɗora giranit, a manna tayil har ciki. Kafinta murafu kawai zai yi. Haka na sake nawa, yanzu ko bokitin ruwa na kwara ba abin da ke samunsa, gara ma ba ta da abin ci. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke kuwa ko murfin kada ki yarda da katako, a yi na alminiyam. In dole sai an yi na sama da katako, ki je da kanki ko ki tura ɗan uwanki a sayo, ki ga kaurinsa da idonki, milimita 18, a sauke shi a gidanki a yanka a gabanki. Kada ki ba kowa kuɗin kaya a hannu, ko ɗan wane ne. Kuɗin aiki kuma kashi-kashi, na ƙarshe sai kin ja kabad ɗin da hannu biyu kin ji bai motsa ba.

Maganar buɗe kicin da falo, ni dai a'a. Masu hotunan nan ba sa soya manja, ba sa kaɗa miyar kuka da daddawa. Ranar da kika soya tattasai da albasa labulenki da kujerunki za su kwana uku suna ba da labari. Sannan in abokan maigida suna falo ta ina za ki tsaya kina tuƙa tuwo, da hijabi cikin zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40? Ki yi bangonki da ƙofarki. In kina son abin zamani a huda ƙaramar taga mai murfi ta miƙa abinci zuwa wurin cin abinci, ta isa. Teburin tsakiya ma sai in kicin ɗin yana da faɗin da za a bar kusan mita ɗaya ta kowane gefe, in ba haka ba kullum ƙugunki na bugun kusurwa.

Af, tuwo. Tsayin kan kabad da aka saba santimita 90 ne, faɗinsa 60, ya yi daidai da yanka da wanke-wanke. Amma ki ɗora babbar tukunya a kan murhun da ke bisa wannan tsayin ki kama muciya, kafaɗarki za ta gaya miki. Ni na sa an yi mini ɗan dakali gajere a gefe guda, na ɗora murhun gas mai kai ɗaya, a nan nake tuƙi ina zaune bisa kujera 'yar tsugune. Kuma kada wanda ya ruɗe ki ki fasa madafin waje. Suyar layya, dambu, waina, girkin suna, ranar da gas ya ƙare da dare, duk gawayi da itace za ki koma. A bar wurin da siminti zalla saboda turmi, don daka a kan tayil fasa shi yake, yarinyar da ke taya ni aiki ta gwada mini.

Tukunyar gas a waje, don Allah. A gina mata ɗan keji mai ƙofar raga a inuwa bayan kicin, a huda bango a shigo da bututu. Gas ya fi iska nauyi, in yana zuba ƙasa yake kwanciya, cikin rufaffen kabad kuwa taruwa zai yi ba ki sani ba. Mai kilo 12.5 ma da ake rainawa ta isa ta tashi gida.

Launi kuma, fari tas ba namu ba ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ko kin rufe taga sai ta shigo, ki goge da safe kafin azahar ki rubuta sunanki a kai. Baƙi mai sheƙi ya fi shi muni, har sawun yatsa yake nunawa. Ruwan ƙasa ko ruwan toka mai haske wanda ba ya ƙyalli, shi ke rufa asiri. Tayil ɗin bango ki kai shi har sama, na ƙasa kuma mai ɗan kaushi, don mai santsin nan in ruwan kuɓewa ya zuba sai dai Allah ya kiyaye. Taga ki yi babba da raga, in da hali biyu masu kallon juna, ki guji ta yamma don ranar la'asar. Na'urar zuƙe hayaƙi tana da kyau in an fitar mata da bututu waje, amma ranar da babu wuta tagar ce za ta cece ki.

Ban ga kin ambaci sito ba. Ina za ki kai buhun gero da na shinkafa, da jarkar mai, da albasar da ake saye da arha lokacin kakarta? Albasa ba ta son rufaffen wuri, ruɓewa take, sai an baza ta inda iska ke ratsawa. Ki rage kuɗin ƙyalƙyali ki fitar da sito ko ƙarami ne, da kantoci na kankare, a ɗaga buhuna daga ƙasa. Soket ma ki sa a ƙara tun yanzu, na firiza daban, na blanda da butar lantarki a saman kabad nesa da famfo, don bayan an manna tayil fasawa asara ce. Sannan ki tsaya kan mai haɗa famfo ya sa bututun fitar ruwa mai faɗi, ya bar magudana a ƙasan kicin, saboda ruwan wankin tukunyar tuwo toshe siririn bututu yake.

'Yan uwa da suka yi murafun alminiyam kwanan nan su taimaka su faɗa mata farashin yanzu, wanda ni na sani ya kwana biyu. Ke kuma ki auna tsawo da faɗin kicin ɗin ki turo, ki faɗi ta wane gefe ƙofar baya take. Allah shi sa a gama lafiya.