Kafin ka ɓalle daɓen karafan

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce an kawo mana karafan, wato mota mai ɗakin kwana da banɗaki, ƙirar Amurka da ya dawo daga Tabuk, daɓen gindin gado ya jiƙe, dinamon ruwa, injin da ke tura ruwan tanki zuwa famfuna, kuma yana gurnani shi kaɗai bayan 'yan mintoci ba wanda ya buɗe famfo. Mai motar ya ce a sa masa sabon dinamo, kai kuma hankalinka ya fi karkata ga ɗaga ledar daɓen ka ga abin da ke ƙasa. Kana tambaya wanne za ka fara. To, kada ka yi ko ɗaya tukuna. Ajiye sukundireba.

Dinamon nan ba shi da laifi sai an tabbatar. Na batir ne, bolt 12, kuma a kansa akwai ɗan makunni da ke jin matsin ruwa. In an buɗe famfo matsi ya sauka, sai ya tashi. In an rufe, sai ya tura har matsin ya kai wajen bar 3 zuwa 4 a awon matsi, ya yi shiru. Saboda haka in ya tashi famfuna a rufe, faɗa maka yake yi matsi yana zurarewa ta wani wuri. Wanda ya canza shi don ya daina ƙara kamar maigidan da ya kori mai gadi ne don ya yi kururuwar ɓarawo. Mai mota zai biya kuɗin sabo, ya tafi, bayan kwana biyu ya dawo da fushi, katakonsa kuma ya ƙara shan ruwa.

Kafin komai, zare wayar wutar waje, ka rufe tukunyar gas, ka kashe hita. Motocin Amurka wutar bolt 120 suke ci, tamu kuwa 230 ce, shi ya sa za ka tarar an sa musu taransifoma a wani lungu, sau da yawa a ƙasa, daidai inda ruwa ke kwanciya. Kada ka zura hannu a jiƙaƙƙen akwati wuta na haɗe.

Sannan ka tabbata ruwan na tankin sha ne. Shinshina shi, ka murza a yatsa. In yana da santsi ko ƙanshin sabulu, daga magudanar wanka ko ta wanke-wanke ya fito, wannan wani aiki ne daban. A nan Jidda kuma kada ka manta da esin da ke kan rufi: danshin garin nan yana sa shi tara ruwa sosai, in hanyar fitarsa ta toshe da ƙura sai ya bi silin ya gangaro ta bango. Ɗaga kai ka duba sama kafin ka durƙusa.

In ruwa ne garau, sai mu koma ga kunne. Cika tanki. Kunna dinamo, ka buɗe famfuna ɗaya bayan ɗaya, na sanyi da na zafi, har su daina tari su zubo ruwa sumul. Kada ka tsallake shawar waje da shattaf, tiyon tsarki na banɗaki. Rufe duka, ka jira dinamo ya tsaya, ka duba agogo. Tazarar da ke tsakanin tashinsa biyu ita ce ma'auninka na yau gaba ɗaya. In yana tashi kowane minti ɗaya, yoyon babba ne, ido ma zai same shi. In sai bayan kwata na awa, ɗigo ne, kuma shi ne mai cinye wa mutum yini.

Yanzu ka fara yanke layi kashi-kashi, kana sake saurare bayan kowane yanki. Fara da dinamon kansa, don a wanke shi ko a kama shi tun da wuri. Kwance tiyon da ke fita daga bakinsa, ka toshe bakin da murfi mai zare, ka kunna. In ya tsaya ya yi tsit, lafiyarsa lau. In ya ci gaba da tashi, bawul ɗin cikinsa ne ba ya riƙewa, ruwa na komawa tanki ta baya. Yawanci ƙwayar yashi ce ko ɓurɓushin roba ya maƙale, a kwance kan a wanke ya wadatar. Amma lura da kyau: ruwan da ya koma tanki ba ya jiƙa daɓe. Ko da ka kama dinamo da wannan laifi, ba a nan gizo ke saƙar ba, akwai wani yoyon yana jiranka.

Daga nan sai hita. A bayanta, ta cikin mota, akwai bawul da aka yi don a kewaye ta lokacin ajiye mota a ƙasashen sanyi. Juya su ka ware ta. In dinamo ya yi shiru, ka san yoyon a hitar yake. Buɗe ƙofarta ta waje ka duba murfin zubarwa na ƙasa da bawul ɗin kariya na sama. Shi na saman ba ya buɗewa gaba ɗaya sai matsi ya kai psi 150, wato wajen bar 10, ko ruwan ya kusa tafasa, amma yakan ɗan ɗiga yayin da ruwa ke zafi, saboda ruwa na kumbura kuma iskar da ta kamata ta zauna a saman tukunyar ta ƙare. Wannan ba lalacewa ba ce. Kashe dinamo, buɗe famfon zafi, ɗaga hannun bawul ɗin bayan ruwan ya huce har ya daina zuba, ka sake shi ya koma, iskar ta dawo mazauninta. In hitar ƙirar kamfanin Suburban ce, tukunyarta ta ƙarfe ce, murfin ƙasan yana ɗauke da sandar da ke cin tsatsa a madadinta. Ciro ta ka gani, in ta zama tsinke a canza. Ta kamfanin Atwood alminiyom ce, murfinta na roba ne, kada ka ɗaure shi da ƙarfin tsiya.

In ba hita ba ce, ni dai inda zuciyata ta fi tafiya shi ne banɗaki, kuma dalilai biyu ne. Na farko Tabuk. Mutanenmu na Jidda ba sa kawo ƙanƙara a lissafi, amma can arewa, wajen Tabuk da Ha'il da Turaif, sanyin hunturu yana sauka ƙasa da sifiri, Dutsen Lauz ma da ya haura mita 2,500 har dusar ƙanƙara yake yi. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Bututun roba na PEX, ja da shuɗin nan, yana da ɗan juriya, yakan buɗa ya koma. Abin da ba ya jurewa shi ne busasshiyar roba: bawul ɗin da ke bayan masai, gwiwoyin haɗi, kofin matatar dinamo, da kan shawar waje wadda murfi ɗaya siriri ya raba ta da iska. Tsagar takan yi siririya kamar gashi, ba ta buɗe baki sai matsi ya hau.

Dalili na biyu shattaf. Yawancin waɗannan motoci ba a ƙera su da shi ba, a nan ake ƙara musu, kuma wanda ya ƙara yakan yanka bututun masai ya sa mahaɗi mai baki uku da duk abin da ya samu a shagon kayan famfo na unguwa. Nan rikicin awo yake shigowa. PEX na rabin inci na Amurka faɗinsa ta waje kusan milimita 16 ne, mahaɗan Turai da ake turawa kawai su kama kuwa na milimita 12 ne ko 15. Ana iya tilasta wani ya shiga wani, ya riƙe a garejin, amma ba zai riƙe a hanyar sahara mai gargada ba. Tiyon shattaf ɗin kansa ma a cike yake da matsi dare da rana, kuma masu araha ba sa daɗewa.

Za ka ce ai banɗaki yana tsakiya, jiƙar kuwa tana gindin gado a baya. Ruwa ba ya tsayawa inda ya fito. Yana bin bayan bututu, ya bi waya, ya shige ƙarƙashin leda, ya tafi inda motar ta karkata. Motar da aka ajiye hancinta a sama, ko ina yoyon yake a baya za ka gan shi. Shi ya sa na hana ka ɗaga daɓe. Masu ƙera motar ba kasafai suke binne mahaɗi a tsakiyar daɓe ba, mahaɗan suna bayan durowoyi, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan ɗan murfin da ke jikin bangon shawa, da ƙarƙashin gado. Ciro durowoyin gaba ɗaya, ka shiga da tocila.

Goge ko'ina ya bushe ƙayau, in da hali ka sa fanka. Sai ka naɗa tishu a kowane mahaɗi, ka bar dinamo a kunne, ka je ka sha shayi. In ka dawo, kada ka kama tishun farko da ka ga ya jiƙe. Bi layin sama, ka nemi jiƙaƙƙe mafi tsayi, wanda na samansa a bushe yake. Farin gishiri-gishiri da ya daskare a wuyan mahaɗi shi ma shaida ne, musamman in mai motar yana cika tanki da ruwan rijiyoyin ƙauye ko na wayit, motar dakon ruwa, da bai san asalinsa ba.

In duk wannan bai nuna ba, juye ruwan, ka sa iska. Haɗa kwamfireso ta bakin da ake sa tiyon ruwan gari, ka daidaita shi a psi 30 zuwa 40, kada ya wuce. Tabbata hita a kashe take, don sandar wutarta tana ƙonewa nan take in ta yi zafi ba ruwa. Fesa ruwan sabulu a mahaɗai ka nemi kumfa. Iska tana fita ta tsagar da ruwa ke jin nauyin bi, kuma in ka kashe rediyon yaran nan har shewarta za ka ji. Yayin da kake wurin, leƙa bakin ruwan garin kansa: akwai ɗan bawul a ciki da kan maƙale ya riƙa ɗiga ta waje.

Akwai yoyon da dinamo ba ya ba da labarinsa, na tsakanin tanki da shi, inda babu matsi. In famfo na tofar da iska alhali tanki na da ruwa, duba kofin matata da robarsa. In jiƙar ba ta zuwa sai an cika tanki maƙil ko ana tafiya, duba tiyon cikawa da na numfashi a saman tanki. Zafin bazara a motar da ke rufe a rana yana busar da su, zoben ya saki. Tankin kansa in ya tsage, kada ka ɓata gam ko silikon, robarsa ba ta karɓar manni. Huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a yi mata walda da irin robarta. Duba kuma maɗauran da ke ɗauke da shi, lita 200 kilo 200 ne suna tsalle a kan tudun yashi.

Gyaran shi ne mai sauƙi. Yanke ɓangaren da ya lalace da almakashin bututu, yanka a miƙe, ba da zarto ba. Sa mahaɗi daidai awonsa, na tagulla in gwiwa ce, zoben matsewa ya zauna milimita 3 zuwa 6 daga baki, ka matse da filayarsa ta musamman. Mahaɗi mai juyawa da roba a ciki, irin na ƙarƙashin famfo da na bakin dinamo, robar ce ke riƙe ruwa, ba zaren ba. Canza robar, ɗaure da hannu, ka ƙara ɗan kwata da sifana. Farin tef ba shi da aiki a wurin, sai ma ya sa ka ƙara ƙarfi ka fasa goron. Silikon da ake shafawa a bayan mahaɗi kuwa ba na son ganinsa a motar da ta fita daga hannunmu. In ka ci karo da tsohon bututu mai launin toka, irin na motocin kafin tsakiyar shekarun 1990, kada ka matsa masa zoben PEX kai tsaye, akwai mahaɗin sauyi na musamman. Duk inda bututu ke gogar ƙarfe ko bakin katako, sa masa roba ka ɗaure.

In ka gama, kada ka kira mai mota tukuna. Bar layin da matsi, kunna hita ruwa ya yi zafi, don wani mahaɗin sai ya ji zafi yake saki. Fita da motar ka bi hanya mai ramuka, ka dawo ka sake naɗa tishu. Tun da an buɗe layi, wanke shi: bilicin Clorox marar ƙanshi, kimanin mililita 60 ga kowace lita 60 na ruwa, a tura shi cikin famfuna, ya zauna awa 4, a juye a ɗauraye har warin ya tafi. Ruwan alwala ne da na girkin iyali.

Daɓen kuma ka danna shi da bakin sukundireba. In yana da tauri, buɗe ƙofofi ka bar fanka a kai kwana biyu ko uku. In ya nutse, kira mai motar ya gani da idonsa kafin ka mayar da gado, a yi maganar kafinta tun yanzu. Faɗa masa abu uku: ya riƙa kashe dinamo in za su kwanta ko za su bar motar, ya sayi na'urar rage matsi da ake ɗaurawa a bakin tiyo in zai haɗa da ruwan gari, in kuma zai sake kwana a arewa cikin hunturu ya bar ɗumi a cikin motar ko ya juye ruwan ta bawul ɗin ƙasa. In ka zo kan mahaɗai ka fara da bayan masai, ka turo mini hoton inda aka haɗa shattaf ɗin kafin ka yanka komai.