Maƙwabcina ya zaro wuƙa: zan iya tashi daga gidan haya kafin wa'adi ya cika?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a gidan haya a unguwar Zariya, nan Maradi, ni da 'ya'yana uku. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Mun sa hannu a takardar haya ta shekara ɗaya, jika 20 kowane wata, muka biya wata shida gaba da kosiyo, wato kuɗin ajiya, na wata biyu. Yanzu muna ƙarshen wata na uku. Gidan sashe biyu ne, zaure ɗaya, famfo ɗaya. Mutumin da ke haya a ɗaya sashen ɗan shaye-shaye ne. Sau biyu yana dukan ƙofata tsakar dare, ranar Juma'ar da ta wuce kuma ya zaro wuƙa a gaban ɗana a bakin famfo, ya ce sai ya ga bayanmu. Na gaya wa mai gidan, ya ce in yi haƙuri, in kuma na tashi ko dala ba zai mayar mini ba. Ina da ikon tashi? Kuɗinmu fa?

Amsa: Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Allah ya tsare ki da yaran. Kafin maganar doka, ga abin da zan gaya wa ƙanwata da ita ce ta kawo mini wannan: idan zuciyarki ba ta kwanta da kwanan daren yau a gidan ba, ki kwashi yara ki tafi wajen dangi. Babu takardar haya da ta tilasta wa mutum kwana inda aka zare masa wuƙa. Abin da takardar ta ɗaure ki da shi kuɗi ne, kuma kuɗi ana iya neman sa daga baya. A lissafina jika 100 ne kike da su hannun mai gidan, 60 na wata ukun da suka rage da 40 na kosiyo. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga iyalin direba, shi ya sa yadda za ki fita yake da muhimmanci ƙwarai.

Gobe da safe ki fara da kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda. Barazanar kisa da zaro makami laifi ne a dokar hukunta laifuffuka ta Nijar, ko da ba a taɓa jikin kowa ba. Ki faɗi ranakun da abin ya faru ɗaya bayan ɗaya, da lokacin, da wanda ya gani ko ya ji. Idan akwai matar maƙwabta da ta leƙo ta katanga, ko mai shagon bakin layi da ya ji ihun, ki roƙe su su yarda a ambaci sunansu. Ki nemi a ba ki wata shaida cewa kin kai ƙara, ko lambar da aka rubuta ƙarar a kai, ki adana. In abin ya sake tasowa da dare, lambar 'yan sanda 17 ce. Idan kin ga maganar ta kwanta a can, kina da damar rubuta ƙara kai tsaye zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Maradi.

Na san mata da yawa suna jin nauyin wannan mataki. Ana cewa maƙwabci ɗan'uwa ne, ba a kai shi hukuma. To amma haƙƙin maƙwabtaka hanya biyu gare shi. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya ce bai yi imani ba, wanda maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba. Wanda ya zare wa yaro wuƙa shi ya fara keta wannan haƙƙi. Ki sanar da mai unguwa ma, domin a garin nan maganarsa tana da nauyi wajen masu gidaje, sau da yawa fiye da takardar lauya. Sai dai kada zuwa wajensa ya maye gurbin zuwa kwamisariya.

Yanzu ga gundarin maganar. A tambayarki akwai abu ɗaya da ya ƙarfafa matsayinki, wataƙila ba ki lura da shi ba: mutumin nan ɗan hayar mai gidanku ne, kamar ke. Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, wanda ake kira Code civil, ya ce a aya ta 1719 wajibi ne mai gida ya tabbatar ɗan haya ya mori gidan cikin kwanciyar hankali tsawon hayar. Aya ta 1725 ta sauke masa wannan nauyi idan fitinar daga wani bare ta zo, wanda ba shi da alaƙa da mai gidan. Da a ce mai barazanar yana gidansa na kansa a hayin titi, sai mu ce tsakaninki da shi ne, mai gida ba ruwansa. Amma wanda mai gidan ya ba makulli da hannunsa, yake karɓar kuɗinsa duk wata, kuke shiga zaure ɗaya, kotunan da ke aiki da wannan kundi sun daɗe ba sa ɗaukar irinsa a matsayin bare. Mai gidan yana da hanyar magance shi: aya ta 1728 ta wajabta wa kowane ɗan haya ya zauna a gida zaman mutumin kirki, kuma wanda ya saɓa ana iya neman kotu ta fitar da shi. Saboda haka "ki yi haƙuri" ba amsa ba ce daga mutumin da maganin yake hannunsa. Ni a ganina ya zaɓi wanda ya fi sauƙin lallashi ne, wato ke.

Duk da haka, takardar shekara ɗaya takarda ce. Aya ta 1134 ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida ta zama doka tsakanin waɗanda suka ƙulla ta, ba ta warwarewa sai da yardarsu duka ko da dalilin da doka ta amince da shi. Ma'ana, ba ki da ikon yanke wa kanki hukunci cewa haya ta mutu yau. Ki ɗauko takardar ki ba wanda ya iya Faransanci ya karanta miki layi-layi. Da yawa daga irin waɗannan takardu suna da sharaɗin sanarwa kafin tashi, wata ɗaya ko biyu ko uku. Idan taku tana da shi, hanya ta yi sauƙi: ki bayar da sanarwar a rubuce, abin da ya wuce wa'adin sanarwar daga kuɗin gaba naki ne.

Ko akwai sharaɗin ko babu, ki rubuta wa mai gidan wasiƙa, maigidanki ya sa hannu idan sunansa ne a takardar hayar. Gajeriya ta isa: abin da ya faru da ranakunsa, cewa an kai ƙara, cewa kuna ba shi kwana kaza ya ɗauki mataki, in ba haka ba kuna neman a raba hayar a mayar muku da ragowar kuɗi. Ku yi kofi biyu, ya sa hannu a ɗaya ku riƙe. In ya ƙi karɓa, ku kai ta hannun wisiye, ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, wanda rubutunsa kotu ke karɓa a matsayin hujja. Yana cin 'yan kuɗi, amma ya fi asarar jika 100. Faɗar baki a bakin masallaci bayan la'asar, ranar shari'a mai gida zai ce bai tuna ba.

Galibin irin wannan rigima ba ta kaiwa gaban alƙali, kuma ba na so taki ta kai. Idan mai gida ya ga takardar ƙara da wasiƙa, ga mai unguwa zaune, yakan sauko. A zaman sulhun akwai tayin da ke aiki sosai: ku kawo masa wanda zai maye ku, ko ku yarda ya riƙe kuɗin wata ɗaya kafin ya samu wani, ya mayar da sauran. Malaman fiƙihu suna kiran warware ciniki da yardar juna iƙala, kuma abu ne da aka kwaɗaitar da shi, don haka liman ma zai iya sa baki. Abu ɗaya nake roƙo a nan, idan za a sa wani sabo a sashen, a gaya masa gaskiyar abin da ya kore ku, musamman in mai iyali ne. Duk abin da aka cimma a rubuta shi, da adadin kuɗi da ranar biya, shaidu biyu su sa hannu.

In sulhu ya ƙi, sai kotu. Aya ta 1184 ta ba wanda aka saɓa wa alkawari damar neman alƙali ya rushe yarjejeniyar, har da diyya. A can ne lambar ƙararki, da wasiƙar, da shaidun za su yi miki magana. Wannan duka a kan gidan zama ne. Da shago ne kuka kama, dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, ce za ta yi aiki, kuma ƙa'idojinta daban ne.

Kuskuren da na fi gani shi ne a kwashe kaya cikin dare a amalanke, a tafi da makulli ko a jefa shi ta ƙarƙashin ƙofa. Mai gida sai ya ce ba ku tashi ba, haya tana ci gaba da hawa kanku, ko ya ce kun fasa ƙofa kun lalata bango, ya cinye kosiyo. Ranar kwasar kaya ku zo da rana, da maza biyu ko uku daga dangi, kada ki tsaya musayar magana da mutumin ko da ya tsokane ki. Ku zaga ɗakunan tare da mai gida ko wakilinsa, ku ɗauki hoton bango da ƙofofi da makewayi, ku rubuta lambar da kwantar wuta ta NIGELEC da ta ruwa suka tsaya a kai, ku biya rabonku. Sannan ku miƙa makulli hannu da hannu a gaban shaidu, a rubuta ranar. Inda kuka koma kuwa, kada a faɗa a zauren gidan, kuma a ja kunnen yara su ma kada su faɗa.