Amsa ga ƴata mai tambaya kan gadon jini

Ƴata, kin ce babanki da mamarki lafiyarsu ƙalau, ke ma haka, amma ƙanenki ya zo da amosanin jini, kuma darasin jenotip da fenotip da ake muku a lise ya ƙi shiga kanki. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a nan Damagaram, kuma tambayoyinki biyun amsarsu ɗaya ce.

Ƙwayoyin jikin mutum na ɗauke da kromozom, wato zaren da ke riƙe da gado, guda 46, uwa ta ba da 23, uba ya ba da 23. Kenan kusan kowane abin gado biyu-biyu kike riƙe da shi. Wannan da kike riƙe da shi a ɓoye shi ne jenotip. Wanda ya fito fili, kamar tsawo ko ciwo, shi ne fenotip. Ba kullum na fili yake tona na ɓoye ba.

Galibi iyaye irin naki kowanne AS ne, wato yana riƙe da A, gadon jini mai lafiya, da S, gadon amosanin jini; mai SS ne ciwon ke kamawa. A ɗin yana ba da jini mai kyau da ya ishi jiki, sai S ya laɓe. A aji nakan ba yara biyu kwabbai, a manna takarda, A a fuska ɗaya, S a ɗayar. Su yi ta wurgawa tare, wani na rubutawa a allo. Da farko sai gardama, don SS kan faɗo sau biyu a jere, ko ya ƙi zuwa sam. Idan wurgin ya yi yawa sai lissafi ya daidaita: ɗaya cikin huɗu AA, biyu AS, ɗaya SS. Nan ne mutane ke ruɗewa. Kowane ciki sabon wurgi ne, haihuwar mai SS ba ta tsare na bayansa. Mendel, masanin da ya gano ƙa'idojin gado, ya bayyana irin wannan tun 1865: ya haɗa wake mai farin fure da mai shuɗi-ja, farin ya ɓace, a zuriya ta biyu ya dawo, kusan ɗaya cikin huɗu.

Tsawo da ƙiba kuwa, gado da abinci da lafiya duk suna da hannu, kamar irin gero ɗaya da aka shuka a gona mai taki da marar taki.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda dangin miji ke ɗora wa uwa laifi, har a ce jininta ne ba kyau. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uba ma. Ki faɗi wannan a gida cikin ladabi idan maganar ta taso.

Ke ma ki roƙi a kai ki gwajin jini na elektroforez, ki san naki jenotip tun kafin zancen aure. Ƙanenki kuma ya riƙa shan ruwa sosai, ya kwana cikin gidan sauro, a rufe masa jiki lokacin hunturu, kuma da zazzaɓi ya taɓa shi a kai shi asibiti ran nan. Allah ya ba shi lafiya.