Gidan Kwarori da muka gada a Fagge: a rushe ko a shafe shi da siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sayi wani gida a Fagge ta Kudu a hannun wani ɗan kasuwa ɗan Labanan a farkon shekarun 1970. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kanti a gaba, ɗakunan kwana a baya, ga baranda da rufin kwano. Yanzu bangon gabas ya fara tsagewa. Yayyena sun ce a rushe a gina filaza, wai gidan baƙo ba tarihinmu ba ne. Wani magini kuma ya ce a bari ya shafe shi da siminti gaba ɗaya. Hankalina ya ƙi kwanciya. Gidan nan yana da wata daraja kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya kai haske kabarinsa. Malam, gidan yana da daraja, kuma irinsa sun kusa ƙarewa a wannan yanki.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigila a 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, suka biyo jirgi daga Legas. Turawan mulki suka keɓe musu unguwa a wajen ganuwa, kusa da tasha. Nan suke sayen gyaɗa da fatu, suna sayar da yadi da atamfa, iyali kuma na kwana a bayan kanti. Daga wannan zama Kantin Kwari ya tsiro. Dokar 1972 ta zamanin Gowon, wadda ta mayar da ƙananan sana'o'i hannun 'yan ƙasa, ta sa kantuna da dama suka sauya hannu, kuma ba mamaki a wannan guguwa mahaifinku ya saya. Ka ga ashe tarihinku ma yana cikin bangon. Yayyenka kuwa a tuna musu Gidan Ɗan Hausa: Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, haifaffen Suwizalan ne, shi ya buɗe makaranta a Nassarawa a 1909, yau kuma gidansa na cikin wuraren da Kano ke kai baƙi su gani. Su wa suka kwaɓa ƙasar irin waɗannan gidaje, suka jera tubali? Maginanmu ne.

Amma ba yayyenka ne suka fi tayar mini da hankali ba. Wannan maginin ne. Don Allah kada ka bari ya taɓa bangon nan da siminti. Kullum sai na gamu da wannan ɗanyen aiki, kuma masu yinsa da bakinsu suke kiransa gyara.

Bangon ƙasa yana shan laima daga ƙasa da damina, ya fitar da ita da rani. Haka ya rayu shekara da shekaru. Siminti kuwa ba ya barin laima ta fita, ba ya kama jikin ƙasa da gaske, kuma da zafi da sanyi ba tare suke motsi ba. Damina ɗaya ko biyu sai shafen ya yi 'yar tsaga, ruwa ya sulala ta baya ya rasa hanyar fita. Daga waje gida fes, an yi masa fenti, kowa na sambarka. Daga ciki gindin bango ya jiƙe ya yi laushi, gara ta samu wurin zama tana cin katakon rufi. Je ka ƙwanƙwasa duk bangon da aka yi wa haka, za ka ji yana amsawa kamar ganga, don shafen ya riga ya rabu da ginin. Ranar da aka kwana ana ruwa a watan Agusta sai ya zo ƙasa gaba ɗaya, wani lokaci a kan masu barci. Sannan a ce ai dama ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Wane irin rashin ƙarko, bangon da ya girmi mai maganar da ubansa?

Abin takaici, wasu har tayil suke mannawa, su malale tsakar gida da kankare har jikin bango, ruwan da da ƙasa ke shanyewa ya koma yana taruwa a gindin gini. Mai wannan aiki ya karɓi kuɗinsa ya tafi. In bango ya faɗi ba za ka gan shi ba, in ka gan shi ma zai ce ƙaddara ce.

Bangon gabas ne ya tsage saboda ta nan hadari ke dukan gida a Kano. Fara duba kwanon da ke kansa ko yana yoyo, da magudanar ruwa, da ko titi ya fi daɓen gidan tudu yanzu. Ka sa alama da kwanan wata a ƙarshen tsagar. In tana ƙaruwa, ko bangon ya yi ciki, a fitar da mutane daga ɗakin a tokare shi, a kira injiniya tun kafin damina. Gyaran kansa da ƙasa ake yi, irin wadda aka yi ginin da ita, a bi da yaɓen makuba ko laso. Har yanzu akwai dattawan magina a cikin birni da suka iya.

Ka tattara takardar cinikin gidan da tsoffin hotuna, ka ɗauki sababbi lungu-lungu, ka kai wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ma'aikatan Gidan Makama. Ɗaukar hoto da rubuta tarihin gida ba ya raba ku da mallakarsa, kada jita-jita ta tsorata ku. Za ka yi ta zirga-zirga a ofis, wannan sai haƙuri. Yayyenka kuma suna da haƙƙi a gadon, don haka kada ka je musu da zancen tarihi kaɗai. Je da lissafin abin da kantin gaba zai kawo na haya bayan gyara, da abin da filaza za ta ci kafin ta fara biya.